Masarar Funtuwa a Jigawar Batagarawa

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma daga birnin Katsina a ƙarshen watan Satumba, ya wuce manyan makarantun da ke jere a bakin titi ya kutsa cikin ƙasar Batagarawa, da wuya ya rasa ganin wata irin gona. Kunyoyinta sun miƙe kamar an ja su da igiya, masarar cikinta ta fi mutum tsawo, daga nesa sai a ce mai ita ya gama da talauci. Idan aka matso kusa sai a ga ganyen ya nannaɗe saboda ƙishi. Idan aka ɓare goyo guda, sai a tarar rabin totuwar ƙwaya ce mai ruwa-ruwa, sauran rabin kuma fayau. Ruwan sama ya ɗauke tun kwana goma da suka wuce, ita kuwa masarar tana neman wata guda nan gaba kafin ta ƙosa. Mai gonar galibi ba ya kusa. Ma'aikaci ne a sakatariya, ko malamin jami'a, ko likita, ko ɗan kasuwa, wanda yake noma ta wayar salula. Ya sayi irin da ya fi kowanne tsada a shago domin an gaya masa yana ba da tan 8 ko 10 a hekta, kuma wani abokinsa ya shuka shi a Bakori ya cika sito.

A gefen wannan gona akwai ta wani dattijo da bai taɓa jin sunan kamfanin iri ba. Ya girbe geronsa ya ɗaure damuna, dawarsa na tsaye, wake na yaɗo a ƙarƙashinta. 'Yar masarar da ya shuka a bayan gida, inda toka da kashin awaki suka taru shekara da shekaru, gajera ce ba ta da kwarjini, amma an ci ta gasasshiya tun watan Agusta, ragowar ta bushe, karanta kuma yana bisa rumfa da sauran korensa. A watan Afrilu, lokacin da ƙasa za ta zama fara fat, wannan karan ne zai riƙe masa tumaki.

Hanyar da masu ilimin zamani suke bi wajen zaɓen irin masara a arewacin Katsina kuskure ce, kuma kuskuren ya samo asali ne daga lissafin da aka koya musu. Lissafin yana duban abu guda, wato buhu nawa iri zai iya bayarwa idan komai ya yi daidai. Ba ya tambayar kwana nawa damina take yi a inda za a shuka shi. Ba ya kuma ƙidaya kara, alhali a Batagarawa rabin amfanin masara yana cikin karanta. Manomin da ya zaɓi iri a kan adadin da aka rubuta a takardar talla ya sayi alkawarin da aka ɗauka wa wata ƙasa daban, kuma shi zai biya kuɗin saɓa shi.

Kwanakin ruwa

Masara ba tsohuwar cimar ƙasar Hausa ba ce. Sunanta ma yana nuni da baƙunta, domin ana danganta shi da Masar. Har zuwa farkon shekarun 1970 shukar bayan gida ce, wadda ake ci ɗanya don rage zafin yunwar damina kafin gero ya nuna. Abin da ya sauya matsayinta shi ne shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya zo da takin zamani mai rahusa, da hanyoyin karkara, da malaman gona, da kuma farar masara mai suna TZB wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Cikin shekaru kaɗan masara ta ture dawa daga gonakin Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ɗandume. Daga 1992 shirin Sasakawa Global 2000 ya ɗora da koyar da noman masara 'yar aure, wato wadda kamfani yake haɗa iyaye biyu zaɓaɓɓu ya fitar da ita, wadda kuma dole a sake sayen irinta kowace shekara domin 'ya'yanta ba sa gadon ƙarfinta duka.

Wannan nasara gaskiya ce, kuma kudancin Katsina ya ci moriyarta. Illarta ita ce ta bar wa jihar baki ɗaya tunanin cewa noman zamani shi ne noman masara irin ta Funtuwa. Amma kama da wane ba ta wane. Funtuwa tana samun ruwan da ya kai milimita 1,000 ko fiye a shekara, daminarta tana farawa a watan Mayu ta kai Oktoba, ƙasarta kuma tana da laka mai riƙe danshi. Kewayen birnin Katsina yana samun tsakanin milimita 600 da 700 a shekara mai matsakaicin ruwa. Damina ba ta cika kankama ba sai ƙarshen Yuni, tana tattara kayanta a ƙarshen Satumba, kuma mafi yawan gonakin jigawa ne da ruwa ke zurarewa a cikinsu kamar rariya. Jiha ɗaya ce a taswira, amma a wajen shuka ƙasashe biyu ne.

Masu samar da iri sun kasa masara gida-gida bisa kwanakin da take ɗauka kafin ta ƙosa. Akwai mai tsananin sauri, kwana 80 zuwa 85. Akwai mai sauri, 90 zuwa 95. Akwai matsakaiciya wadda ke kaiwa 100 zuwa 110, sannan mai dogon zango wadda ke neman kwana 120 ko kusa da haka. Lissafin da ya biyo baya ɗan firamare ma zai iya yin sa. A ɗauka an yi shuka ranar 25 ga Yuni. Masarar kwana 90 za ta ƙosa ranar 23 ga Satumba, daidai lokacin da ruwa ke sallama. Ta kwana 120 sai 23 ga Oktoba, wata guda cur bayan sama ta rufe. Idan kuma ruwan farko ya yaudari manomi, shuka ta ƙone, aka sake ta a mako na biyu na Yuli, kamar yadda yake faruwa a shekaru da dama, to mai dogon zango za ta fitar da gemu ne a tsakiyar Satumba. Babu lokacin da masara ta fi tsoron ƙishi kamar wannan. Idan ruwa ya yanke mata tana fure, garin furen da ke kanta yakan zube kafin gemun ya fito ya karɓe shi, sai a sami totuwa ba ƙwaya. Gero da dawa suna iya tsayawa su jira ruwa ya dawo. Masara ba ta da wannan haƙurin.

Ba a rasa irin da ya dace ba, kuma wannan shi ne abin takaicin. Masanin iri Baffour Badu-Apraku ya shafe shekaru masu yawa a IITA yana aiki a kan masara mai sauri da mai tsananin sauri, wadda ke jure fari da ƙuduji, musamman saboda yankuna irin wannan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello, wadda alhakin masara a Nijeriya yake wuyanta, ta fitar da da yawa daga cikinsu da sunan SAMMAZ. SAMMAZ 27 fara ce mai sauri. SAMMAZ 28 rawaya ce, SAMMAZ 29 kuma fara, dukansu biyu masu tsananin sauri. Waɗannan ba 'yan aure ba ne, don haka manomi yana iya ajiye irinsu ya maimaita shekara biyu ko uku kafin ya sabunta. Wataƙila wannan ne ma ya sa ba a cika tallata su da ƙarfi ba, domin mai shago ya fi son abokin cinikin da zai dawo kowace bazara. Irin su Oba Super da SC 719 kuwa masara ce ta gari, babu mai musun haka, amma inda suke nuna bajintarsu shi ne Saminaka da Giwa da Funtuwa.

Akwai kuma maganar taki. Adadin da ake rubutawa a takardar talla an same shi ne a gonar gwaji da aka ba ta duk abin da take so. Shawarar da masana suka saba bayarwa ga hekta guda ita ce kilo 120 na naitirojin, da 60 na fosfet, da 60 na fotash, wato kimanin buhu 8 na kamfa 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Tun bayan yaƙin Yukiren a 2022 da faɗuwar darajar naira daga 2023, mutum nawa ne a Jino ko Bakiyawa ke iya zuba buhu 11 a hekta? Matsakaicin abin da manomin Nijeriya yake samu bai wuce tan 2 a hekta ba. Wanda ya sayi irin tan 10 ya ba shi takin tan 2 a damina ta kwana 95 ya haɗa wa kansa tsada uku: ta iri, da ta taki, da ta jira. A 2025, bayan da gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji na kwana 150 a shekarar da ta gabata, farashin masara ya faɗi, na taki bai bi shi ba. Waɗanda suka fi jin jiki su ne waɗanda suka zuba jari mafi yawa a kan ƙwaya kaɗai.

Abin da Polly Hill ta gani

Batagarawa tana da wata daraja da ƙauyuka kaɗan suke da ita a Afirka ta Yamma: an rubuta littafi sukutum a kan tattalin arzikinta. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, 'yar 'yar'uwar shahararren masanin tattalin arziki John Maynard Keynes, ta zauna a garin tana auna gonaki tana tambayar magidanta. Littafinta, Rural Hausa, ya fito a 1972. Daga cikin abubuwan da ta fi mayar da hankali a kansu akwai gonakin da ke kewaye da gari, waɗanda ake nomawa kowace shekara ba a barinsu su huta, amma ba sa mutuwa. Sirrinsu taki ne: kashin awaki da tumaki da jakuna, da sharar gida, da toka, waɗanda ake kwasa a mangala a kai gona da rani. Ta kuma lura cewa iya takin da magidanci yake samu yana daga cikin abubuwan da suke raba mai hali da marar hali.

Abin da wannan yake nufi shi ne gona da garke abu guda ne. Gona tana ba dabba kara da harawa, dabba tana mayar wa gona taki. Idan aka yanke ɗaya, ɗayan ma ya kama hanyar mutuwa, sai dai a hankali. Shekaru fiye da 50 bayan zuwan Hill wannan zagaye ya ƙara muhimmanci, domin duk wata hanya ta ciyar da dabba a wajen gona tana toshewa. Birni ya miƙo ƙafa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran makarantu sun jawo unguwanni, gonaki sun koma fulotai, burtali ya ƙuntace. Dajin Rugu, wanda a da yake ɗauke wa yammacin Katsina nauyin kiwo, ya zama wurin da mai hankali ba ya kai dabbarsa saboda 'yan bindiga. Dabbar da a da take yawo yanzu a turke take, abin da aka kawo mata shi za ta ci.

Saboda haka kara ya zama haja. Ana ɗaure shi a sayar, ana niƙa shi a inji a ɗura a buhu, ana ɗora shi a kan kura da a-kori-kura a shiga da shi birni, inda kusan kowane lungu yake da mai turkar rago. Kalandar Musulunci ma ta shigo cikin lissafin. An yi Babbar Sallah a tsakiyar Yuni a 2024, a makon farko na Yuni a 2025, kuma tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, ta yadda a 2030 za ta faɗo cikin Afrilu. Watanni uku ko huɗu da ake turka ragon layya za su riƙa faɗawa ke nan cikin tsakiyar rani da bazara na tsawon shekaru masu zuwa, lokacin da babu ɗanyen ganye ko na magani. Duk ragon da za a kai kasuwar Charanci ko Mai'aduwa a waɗannan shekaru da abin da aka adana tun kaka zai yi ƙiba.

Masarar da ta ba da tan 2 na ƙwaya takan bar aƙalla kwatankwacin hakan na kara da ganye da ɓawon goyo. Wannan ba shara ba ce, amma ingancinta ya bambanta ƙwarai daga iri zuwa iri. Akwai masarar da ganyenta yake bushewa ƙurmus tun kafin ƙwaya ta gama ƙosawa. Akwai wadda take riƙe korenta har ranar girbi, kuma dabba ta fi cin wannan, ta fi kuma amfana da ita. Akwai mai kauri da taurin kara kamar itace, wadda saniya za ta zage ganyen ta bar sauran, akwai mai siririn kara mai yawan ganye. Manomin ƙauye ya san wannan bambanci a dawa tun kaka da kakanni, shi ya sa yake iya barin sabon iri mai yawan hatsi ya riƙe kaurarsa. Masana sun daɗe suna kiran wannan taurin kai. Lissafi ne wanda ya fi nasu cika.

Samaru da Shika

A jikin buhun iri mai rajista ana samun sunan iri, da lambar rukuni, da kashi nawa cikin ɗari yake tsirowa, da tsabtarsa, da ranar da aka gwada shi. Tun 2019 hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa ta ƙara da wata lamba da ake kankarewa a aika ta waya don gane na jabu, kuma duk mai sayen iri ya kamata ya yi amfani da ita. Amma babu layi ko ɗaya da yake cewa wannan iri yana ba da kara kaza, dabba tana narkar da kashi kaza daga cikinsa. Takardun bayanin iri suna maganar yawan ƙwaya, da kwanakin ƙosawa, da launi, da juriyar cuta. Kara ya shigo ne kawai ta fuskar ko yana faɗuwa idan iska ta taso.

Abin mamaki shi ne cibiyar Samaru da ke fitar da irin masara da cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Shika suna kan hanya ɗaya a bayan Zariya, tafiyar 'yan mintoci tsakaninsu, kuma dukansu a ƙarƙashin jami'a ɗaya suke. Ɗaya ta san shukar, ɗayar ta san tumbin da zai ci ta. Babu wani dalili na ilimi da zai hana kowane sabon SAMMAZ ya fito da adadi biyu a gabansa, na ƙwaya da na kara, kuma kwamitin ƙasa mai rajistar sababbin iri ya nemi na biyun kamar yadda yake neman na farkon.

Wasu ƙasashe sun riga sun nuna cewa abu ne mai yiwuwa. A Amurka manomin da zai shuka masarar hatsi da wanda zai shuka ta shanun madara ba iri ɗaya suke saye ba. Na biyun yana sare shukar gaba ɗaya tana ɗanya, ya daddatsa ta, ya danne ta a rami ko a rumbu marar iska ta tsima, kuma kamfanoni suna ba shi bayanin yadda kowane iri yake narkewa a cikin saniya. Har akwai nau'in da jijiyar ganyensa take da ruwan ƙasa-ƙasa, wanda aka san shi da ƙarancin sinadarin da ke sa kara tauri. Misalin da ya fi kusa da halin Katsina shi ne na Indiya. A birnin Haidarabad masu bincike na cibiyar dabbobi ta duniya, ILRI, ƙarƙashin Michael Blümmel, sun bi kasuwar karan dawa suna auna abin da ake sayarwa, suka tarar 'yan kasuwa suna sa wa kara farashi daidai da ingancinsa, kuma ɗan bambanci kaɗan a narkewa yana kawo babban bambanci a kuɗi. Aikin da suka yi daga baya da masu samar da irin masara a Indiya da Habasha ya nuna ana iya zaɓen iri mai kyawun kara ba tare da an rasa ƙwaya ba. Tun Yulin 2024 Nijeriya take da ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Ana ta maganar kafa manyan wuraren kiwo da shuka ciyawa ta musamman, alhali abincin dabba mafi yawa a arewa yana tsaye a gonakin hatsi kowace kaka, ba wanda ya damu ya auna shi.

Kukan masu doguwar masara

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Masara mai tsananin sauri gajera ce. Shukar da ta rayu kwana 85 ba za ta tara jiki kamar wadda ta rayu 120 ba, don haka ƙwayarta da karanta duka sun fi kaɗan a shekarar da ruwa ya wadata. Wanda yake neman kara, in ji masu wannan ra'ayi, ai doguwar ce tasa, ko da ƙwayar ta gaza ya tsira da abincin dabba.

Ganin kitse ake yi wa rogo. Babu wanda yake zuba buhu 11 na taki da irin kamfani don ya girbi kara. Idan kara kaɗai ake so, dawa tana ba da fiye da haka da ƙaramin kuɗi. Sannan yawan kara daban, abincin da ke cikinsa daban. Busasshen karan masara bai cika wuce kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na furotin ba, tumbin dabba kuwa yana bukatar kusan kashi 7 kafin ya yi aiki yadda ya kamata. Ragon da aka ɗora wa kara zalla cikinsa zai cika, jikinsa yana zubewa. Abin da yake ɗaga shi harawa ce, ta wake ko ta gyaɗa, wadda furotin ɗinta ya ninka na kara sau biyu ko fiye. A nan ne gajeriyar masara take rama abin da ta rasa. Ba ta yi wa wake inuwa sosai, tana kuma barin gona da wuri, wake ya samu rana da ragowar danshi. B. B. Singh da abokan aikinsa na IITA a Kano sun gwada tsarin kunya biyu na hatsi, kunya huɗu na wake mai ba da ƙwaya da harawa, tare da manoman yankin Bichi, kuma tsarin ya karɓu saboda ya ciyar da gida da garke a lokaci guda. Gajeriyar masara tana kuma jure cunkoso. Idan aka bar santimita 75 tsakanin kunyoyi, 40 tsakanin ramuka, ƙwaya biyu a rami, hekta za ta ɗauki tsiro sama da 66,000, wanda yake cike wani ɓangare na giɓin.

Ga mafi yawan gonakin Batagarawa masu ɗan ƙarfi, ajin kwana 90 zuwa 95 shi ne tsaka-tsakin da ya fi hankali, a ajiye na kwana 80 don shekarar da damina ta makara ko shuka ta ƙone. Matsakaiciya irin SAMMAZ 15 sai a fadama, ko a gefen madatsar ruwa ta Ajiwa inda ake iya taimaka mata da ban-ruwa idan sama ta ɗauke. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da kiyasin farkon damina da ƙarshenta a farkon kowace shekara, watanni kafin a buɗe buhun iri. Mutumin da yake iya karanta rahoton banki ba shi da uzurin ƙin karanta wannan.

Sauran aikin yana ga lokacin sara. Da zarar ɗan baƙin tabo ya bayyana a gindin ƙwaya, masara ta gama shan abin da za ta sha daga uwarta. Duk ranar da aka ƙara ana barinta tsaye, ganye ne yake kakkaryewa, rana tana cinye korensa, gara tana hawa daga ƙasa. A sare ta a lokacin, a jingina ta tsaye ta sha iska, a ɓare goyon a shanya shi a kan leda ko daɓe don gudun ruɓa mai guba, karan kuma a ɗaga shi sama a inuwa. Wanda ya fesa maganin tsutsa ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya ba dabba ɗanyen ganye. Wanda kuma ya kwashe kara duka daga gonarsa ya ci bashin ƙasa, sai ya mayar mata da takin dabbar da ta ci.

Tun Janairun 2024, lokacin da aka amince da fitar da masarar TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta kare kanta daga tsutsar da ta shigo Nijeriya a 2016, masu ilimi suke ta muhawara a Facebook da zaurukan WhatsApp a kan halaccinta da haɗarinta. Muhawara ce da ta cancanci a yi. Sai dai cikin masu zafin baki a kowane ɓangare, kaɗan ne za su iya faɗin kwana nawa masarar da ke gonarsu take ɗauka, ko kwana nawa aka yi ana ruwa a ƙauyensu bara. Haka abin yake a rabon kayan noma na gwamnati, wanda ake auna nasararsa da yawan tireloli da buhunan da aka sauke. Jihar da ta taso daga Sabuwa ta kai Jibiya ba za ta yi iri ɗaya ba. Abin da ya dace hukumar KTARDA ta yi shi ne ta raba iri shiyya-shiyya, a rubuta kwanakin ƙosawa da Hausa da manyan baƙaƙe a jikin kowane ƙunshi, kuma ya isa hannun manomi a watan Mayu, domin irin kwana 90 ma idan ya iso a ƙarshen Yuli ya zama na dogon zango.

Akwai kuma gonakin da amsarsu ba ta cikin kowane buhun masara. Jigawar da ta shekara goma ba ta ga mangala ba, wadda ƙuduji ya yi wa ja da furensa, ba za ta riƙe masara ba ko wace iri ce, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Irin wannan gona gero take so, na gida ko SOSAT, da gyaɗa ko wake a tsakani, har ta yi shekara uku ko huɗu tana karɓar takin turke. Sabon mai gonar da ya sayo ta daga magada yakan ji kunyar a ce gero ya shuka, kamar wanda bai je makaranta ba. Dattijon da ke maƙwabtaka da shi ya san haka, shi ya sa kowace kaka yake zuwa da amalankensa ya taya karan doguwar masarar da ba ta yi ƙwaya ba, a farashin da ya ga dama.